Kwana uku a Fukuoka da sanda a kafaɗa

Da na gaya wa Baba a waya cewa zan je wani gari koyon faɗa da sanda, shiru ya yi har na ɗauka layin ne ya yanke. Can sai ya ce, "Sanda? Wace irin sanda?" Na ce sanda dai, ta itace. Ya ce, "To, ikon Allah. Mu dai karatun noman shinkafa muka san ka tafi yi. In sanda kake so ai da ka faɗa tun kana gida, in haɗa ka da yaran da ke mana kiwo su koya maka ba ko sisi." Ina jiyo Inna daga gefe tana tambaya ko lafiya, shi kuma yana ce mata, "Ɗanki ne zai koma makiyayi a Jafan."

Abin da ban gaya masa ba shi ne takobi ne ya ja ni. Mu da muka tashi a gidan kallo, duk fim ɗin da aka yi tsalle da faɗa a cikinsa sunansa fim ɗin Chanis, ko daga wace ƙasa ya fito. In an tashi sai mu zaga bayan gida mu karyo kara, mu yi ta saran juna har a kira magariba. Ga kuma takobin kakanmu a rataye a zaure, wanda ba a sauko da shi sai ranar hawan sallah, yaro kuwa ko kubensa ya taɓa sai ya sha ranƙwashi. Da wannan ƙishirwar na iso Hiroshima. A shekarata ta biyu na sami wani ɗan ajin yamma kusa da masaukina, inda ake koyar da jodo sau ɗaya a mako. Jo ita ce sandar, do kuma hanya. Mutum biyu ake yi, ɗaya da sanda ɗaya da takobin katako. Wata biyar ina zuwa, kullum bugu uku ko huɗu ake maimaita mana, har na fara gajiya. Sai malaminmu ya ce za a yi taron horo na kwana uku a Fukuoka ƙarshen Nuwamba, manyan malamai za su zo, sanda da takobi duka. Na ce a raina, madalla, can aka ɓoye kayan. Na sayi sabon littafin rubutu, na ja layi a shafi goma sha biyu, kowane shafi da sunan salo ɗaya a samansa, don kada in rasa wurin rubuta abin da zan kwaso.

Ranar Juma'a da hantsi na hau Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya. Awa ɗaya da 'yan mintuna ce tsakanin Hiroshima da Hakata, babbar tashar Fukuoka. Doguwar jakar sandar ta ƙi zama ko'ina, sai na tsayar da ita tsakanin ƙafafuna ina riƙe da ita kamar mai jiran a kira shi shari'a. Na so in ga mashigin ruwan da ya raba tsibirin Honshu da Kyushu, domin a can ne ɗan tsibirin Ganryu yake, inda aka ce shahararren gwanin takobi Miyamoto Musashi ya kashe abokin karawarsa Sasaki Kojiro a 1612. Ashe jirgin ta ƙarƙashin teku yake bi. Duhu kawai na gani da fuskata a gilashi, kafin in ankara mun fito a Kokura.

Daga Hakata na wuce Hakozaki, tasha biyu a ƙaramin jirgi, don in sami Juma'a a masallacin garin da aka buɗe a 2009. Na jingine jakar kusa da ma'ajiyar takalma. Bayan sallah wani ɗan Indunusiya ya tambaye ni inda nake zuwa fatsa, wai shi ma yana neman wuri mai kifi. Da na ce masa sanda ce ta faɗa, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce Allah ya ba da sa'a. Da dare na zaga neman abinci. Abin da Fukuoka ke alfahari da shi taliya ce a cikin romon ƙashin alade, warinsa kuma tun daga bakin lungu yake tarar mutum, saboda haka na yi ta wuce shaguna har na dace da mai udon, taliya mai kauri a romon kifi, da soyayyen saiwar gobo a kai. Ta yi laushi fiye da yadda na saba, amma da zafinta, ga sanyi a gari.

Asabar ƙarfe takwas da rabi muna bakin zauren wasanni. Mun kai mutum tamanin. Abu na farko da aka miƙo mini tsumma ne. Kowa ya ɗauki nasa, aka jeru a gefe ɗaya, aka duƙa ana tura tsumma da gudu har ɗaya bangon. Wani dattijo da ke gefena ya riga ni isa sau biyu. Sai da aka jeru gaisuwa na ga ya wuce can gaba ya zauna cikin manyan malamai.

Kayan da ake sawa riga ce mai kauri rinin shuni, da hakama, wani wando mai faɗi kamar buje, mai ninki biyar a gaba. Tawa rigar sabuwa ce fil, na saye ta musamman don wannan tafiya, kuma ba wanda ya ce mini in wanke ta tukuna. Kafin azahar farar singiletina ta koma ruwan bula, tafin hannuna kuwa kamar na kwana a marinar Ƙofar Mata.

Zaman gaisuwar bai ba ni wuya ba da farko, don kusan zaman tahiya ne, sai dai ƙafafu biyun duka ake shimfiɗewa a zauna a kansu. Inda gizo ke saƙar shi ne sunkuyawar da ke biyo baya: a dafa ƙasa da hannu biyu, a kai goshi kusa da daɓe. Tun ranar da na fara zuwa ajinmu na gaya wa malamina cewa wannan ba zan iya ba, shi kuma ya sanar da masu shirya taron. Saboda haka da kowa ya duƙa, ni na bar hannuwana a cinya na ɗan rusunar da kai. Na yi tsammanin idanu za su yo kaina. Ba wanda ya waiwayo. Sai a hutun rana wani tsoho ya tambaye ni ko bayana ke ciwo. Na haɗa ɗan Jafanancin da nake da shi na ce masa a addininmu ba a kai wa kowa goshi ƙasa sai Allah. Ya gyaɗa kai ya ce "naruhodo", wato na gane, ya miƙo mini lemo.

Aka raba mu gwargwadon daraja. Masu manyan matakan ƙwarewa, da ake kira dan, suka yi can ƙuryar zaure. Mu da ba mu da ko ɗaya aka tura mu bakin ƙofa, inda iska ke shigowa, mu goma sha biyu: ɗalibai 'yan mata uku, wani da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wani Bafaranshe dogo, da sauransu. Malamin da aka ba mu gajere ne, bai kai kafaɗata ba, kansa fari fat. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Honte uchi."

Gwiwata ta yi sanyi. Wannan shi ne bugu na farko cikin goma sha biyu na tushe, shi na yi wata biyar ina yi a Hiroshima. A riƙe sanda gaba, a zame hannuwa zuwa bakinta biyu, a ɗaga, a tako, a sauke ta saitin tsakanin idon abokin karawa. Shi ke nan. Mu je bango, mu juyo, mu dawo. Muka yi ta yi har agogon bango ya nuna sha biyu. Daga can ƙurya kuwa ƙarar katako kawai kake ji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, manya na yin ran-ai, salo mafi tsawo, sanda da takobi suna shiga suna fita kamar masu saƙa. Wuyana ya yi ta juyawa can da kansa. Sau biyu malamin yana taɓa haɓata da ɗan yatsa yana maido da fuskata gaba.

Ita sandar ba wani abin kallo a jikinta. Tsawonta santimita 128, kaurinta 2.4, an sassaƙo ta daga wani farin itace mai nauyi da suke kira shirakashi. Ba ta da kai ba ta da gindi, kowane baki na aiki. Takobin katakon santimita 101 da rabi ne, wato sanda ta fi shi da taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma a kan wannan taƙin aka gina komai. Mai takobi hannunsa na wuri ɗaya, a ƙota. Mai sanda hannunsa yawo yake yi a jikinta, yanzu ta yi tsawo, an jima ta gajarce, bakin da ke baya ya dawo gaba. Akwai wani tsohon baiti da masu wannan fanni ke yawan kawowa, ma'anarsa: in ka soka da ita mashi ce, in ka share da ita naginata ce, wato takobin nan mai doguwar ƙota, in ka riƙe ta kuma takobi ce.

Ni kuwa ɗan manomi ne, duk abin da ya shiga hannuna mai ƙota gatari nake ɗaukarsa. Ina ɗaga sanda kafaɗuna su hau har kunne, in sauke ta kamar mai faskare. Malamin ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Chikara o nuite." Saki ƙarfi. Na saki, sanda ta yi lilo. Ya ce, "Mo ikkai." Sake. Wannan kalma ta "mo ikkai" na ji ta a kwana ukun nan fiye da sunana. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya tsaya gabana ya yi bugun sau biyar a jere. Kowane karo bakin sandar na tsayawa wuri ɗaya, ɗan yatsa huɗu daga karan hancina, kamar an auna da igiya. Ba na jin motsin kayansa, ba na ganin ya yunƙura. Ihun kawai ke fitowa daga cikinsa, "Ei!", wanda ake yi in an buga. In suka aka yi "Ho!" ake cewa. Nawa ihun daga maƙogwaro yake fita, kafin cin abincin rana muryata ta dushe.

Na yi azahar a ɗakin da suke tara katifun motsa jiki, na ci dunƙulen shinkafa biyu mai kifi a ciki, na buɗe littafina. Babu abin rubutawa. Na rufe.

Da yamma aka koma hikiotoshi, bugu na uku. Abokinka ya miƙo takobi saitin maƙogwaronka, kai kuma sandarka na can ƙasa ta bayanka, ka kawo ta ta sama ka kakkaɓe takobin. Na tattara ƙarfina na maka wa takobin Bafaranshen nan. Ƙara ta cika zaure, hannuna ya yi zir har gwiwa, takobin kuwa ɗan karkacewa kawai ya yi ya dawo inda yake. Malamin ya ce in karɓi takobin in riƙe masa da kyau. Na riƙe da hannu biyu, na kafe ƙafa. Wata 'yar ƙara na ji, shuu, sai ga takobin a bayana yana neman fizge mini kafaɗa, bakin sandarsa kuma a gaban idona. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta fassara mini abin da ya ce: ni takobi nake duka, shi kuwa mutumin yake nema, takobin a hanya kawai ya same shi.

Daren nan a ɗakin otal na zauna bakin gado na yi lissafi. Kuɗin jirgi, kuɗin kwana uku, kuɗin rajista, kuɗin rigar da ta ɓata mini singileti. Na juya su zuwa naira, abin da bai kamata ɗalibi ya yi wa kansa da dare ba, na ga buhun shinkafa nawa ne a gida. Duk don bugu biyu da na riga na san sunansu. Ni dai da sauƙi ma. Bafaranshen ya keto duniya ne takanas, da jerin salo sittin da 'yan kai na tsohuwar makarantar wannan fanni a wayarsa, yana sa alama a gefen waɗanda ya taɓa gani. A hutu ya bi wasu manya yana roƙon su nuna masa na ciki ya ɗauka a bidiyo. Suka yi ta murmushi suna rusunawa suna cewa abin da ɗan wuya. Wanda ya zauna a Jafan ya san in an ce maka da ɗan wuya, an rufe ƙofa ke nan har da sakata.

Lahadi da safe aka zaunar da mu aka ba da tarihi, ƙafafuna suna mutuwa a ƙarƙashina tun ba a yi nisa ba. Wanda ya kafa wannan hanya sunansa Muso Gonnosuke, ya yi zamani da Musashi, farkon ƙarni na 17. Ya kara da Musashi ya sha kaye. Sai ya hau dutsen Homan da ke bayan garin Dazaifu, ya keɓe kansa kwana 37 a wurin bautar Kamado. A daren ƙarshe, in ji masu labarin, wani yaro ya zo masa a mafarki ya ce ya riƙi kewayayyen itace ya san suigetsu, wato ƙahon zuci. Daga nan ya rage tsawon doguwar sandar da aka saba da ita ya fito da jo. Almajiransa sun ce ya koma ya rama kayen. Mutanen Musashi ba su yarda an yi karo na biyu ba, kuma mai ba mu labarin da kansa ya yi 'yar dariya da ya zo wurin. Abin da ba a gardama a kansa shi ne makarantar, Shinto Muso-ryu, ta zauna a ƙasar sarakunan Kuroda, wato Fukuoka ta yau, shekaru aru-aru, a hannun ƙananan dakarun da aikinsu kama masu laifi ne. Sanda ta dace da su, don ana son a kawo mutum gaban shari'a da ransa. Shimizu Takaji, wani babban malaminta, ya koma Tokiyo da ita, ya koyar da 'yan sandan birnin tun farkon shekarun 1930, ya rasu a 1978. A 1968 kuma hukumar kendo, wato wasan takobi, ta ƙasar ta tsamo salo goma sha biyu ta mai da su manhajar kowa da kowa. Sunayensu ne na jera a littafina.

Da aka tashi, sai na ga abin da ban zata ba. Manyan nan na ƙurya suka ajiye sandunansu, suka ɗauki takubban katako, suka gangaro bakin ƙofa wurinmu. Ashe a wannan fanni babba ne ke riƙe takobi. Kuma a kowane salo mai takobi ne ke shan kaye. Wato wanda ya fi ka sani shi zai kawo maka sara, ya ba ka wuyan hannunsa da ƙahon zucinsa ka buga, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ni da na zo da burin a ɗanka mini takobi, ashe sai ka yi shekaru kafin a yarda ka iya faɗuwa yadda ya kamata.

Wadda ta tsaya gabana wata tsohuwa ce, ta haura saba'in, siririya, ta ɗaure gashinta tamau a ƙeya. Fuskarta ba wasa. Ta tuna mini yayar Baba, wadda in ta shigo gida yara ke neman aike, don haka a raina na sa mata Gwaggo, a baki kuwa Sensei, wato malama. Muka rusuna wa juna a tsaye, na ce "onegai shimasu", kalmar neman alfarma da ake buɗe kowace karawa da ita.

Salon farko sunansa tsukizue. Ka tsaya da sanda a dogare a ƙasa ta damanka, kamar makiyayi na kallon shanu. Mai takobi ya ɗaga shi gefen kunnensa ya tako, ya kawo sara tsakiyar kanka. Ka goce baya ta dama, ka buga wuyan hannunsa na hagu. Ya ja baya ya ɗaga takobi sama, ka bi shi ka sake buga wurin. Ƙarewarsa ke nan, bai kai a karanta Fatiha ba.

Ta tako. Tun tana ɗaga hannu na yi tsalle gefe. Ba ta sare iska ba. Ta juyo da ƙugunta ta biyo ni, ta ɗora katakon a tsakar kaina a hankali kamar mai ɗora wa yaro hula. "Hayai." Ka yi sauri. Muka koma. Na sake gocewa, ta sake samuna. Sau shida ana haka. A na bakwai na ce yau ko za a fasa kan sai dai a fasa, na kafe. Ai kuwa na makara, katakon ya goge mini kunne ya sauka a kafaɗa, da zafinsa. Ba ta ce sannu ba. "Osoi." Ka yi nawa.

Sai a lokacin na gane abin da take yi. Da gaske take saran. Ba ta kawo shi gefe don ta sauƙaƙa mini, ba ta tsayar da shi a sama. Inda kaina yake nan take nufa, da saurin da ta auna zan iya tsira in na yi daidai, ba ƙari ba ragi. Tsakanin "ka yi sauri" da "ka yi nawa" akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙiftawar ido ba, lokacin da takobi ya riga ya taho, mai shi ba ya da ikon sauya masa hanya. Ita take so in gani. Ba a rubuta wannan a littafi, ba ya fitowa a bidiyo, dole sai wani ya tsaya gabanka ya yi ta saranka. Na daina kallon katakon na koma kallon idonta, yadda aka yi ta gaya mana tun jiya ban ji ba. Idon ba ya ƙiftawa. Zufa na bin bayana duk da iskar ƙofa.

Ban san ko karo na nawa ba ne. Ta tako, na tsaya, na ji cikina ya ƙulle, takobin ya taho, ƙafata ta janye da kanta. Iskarsa ta wuce ta gaban rigata. Sandata ta sauka a wuyan hannunta, tas, ba da ƙarfi ba. Ta ja baya, na bi, na sake saukewa. Muka tsaya muna kallon juna. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, kaɗan, wanda in ba ka sa ido ba ba za ka gani ba. Sannan ta ce, "Mo ikkai." Na gaba na sake yin sauri.

Takobin ƙarfe kuwa na gan shi, daga nesa, minti goma. Bayan cin abinci wani malamin iaido, fannin zare takobi daga kube, ya yi nuni. Zauren ya yi tsit har kana jin numfashin na kusa da kai. Ya zauna, ya zare, ya sara, ya kaɗe, ya mayar, wani ɗan kuka na fita daga kaifin in ya tsaga iska. Babu tsalle ko ɗaya. Daga baya aka gaya mini cewa kowane takobi na gaske a Jafan yana da katin rajista da ke bin sa duk inda ya je, tun 1876 ma aka hana samurai, mayaƙan gargajiyar ƙasar, yawo da shi a ƙugu, kuma masu koyo da na kwaikwayo marar kaifi suke shekaru. Na tuna yadda na yi ta hasashen za a miƙo mini ɗaya ranar farko, kunya ta kama ni ni kaɗai.

Da dare aka yi walima a wani gidan abinci. Su giya, ni shayin ulon mai sanyi da gasasshen kifi. Gwaggo ta sake ta zama wata daban, tana dariya tana rufe baki da hannu. Ta ce sai da 'ya'yanta suka shiga sakandare ta fara. Na tambaye ta salo nawa ta iya. Ta ce duka, har da na ƙaramin takobi da na lauje mai sarƙa da makarantar ta haɗa da su. Sai ta miƙo hannun damanta ta nuna mini ɗan yatsanta na ƙarshe, ta ce amma yau da safe malaminta ya gyara mata riƙo.

Litinin rabin rana aka yi. Awa ɗaya aka ba mu takobin katako, don mu koyi sara miƙe saboda abokan horonmu in mun koma gida. A nan ne sandar ɗaya daga cikin 'yan matan ta sami gaɓar yatsana, ta kumbura kamar goro. Yarinyar ta yi ta ba da haƙuri har na fi jin tausayinta a kan yatsan.

Bayan an rufe taro wasunmu suka ce a je Dazaifu. Muka hau jirgin Nishitetsu daga Tenjin, muka sauya a Futsukaichi. Titin da ya miƙe daga tasha cike yake da masu gasa umegae mochi, wani abu kamar waina da aka cusa wa wake mai zaƙi, na ci biyu a tsaye suna ƙona mini baki. Ƙaramar bas ta hau da mu gindin dutsen. Ganyen itatuwa ya yi ja wur, wani ruwan goro, matattakalar duk ta rufe da shi. Yawancin masu zuwa Kamado yanzu samari da 'yan mata ne masu neman dacewa da abokin aure, sun yi dogon layi. Wurin Gonnosuke ɗan ƙarami ne a gefe, in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Abokan tafiyata suka jeru suka tafa hannu suka sunkuya. Na koma gefe na tsaya ƙarƙashin wata bishiya da jakata, ina kallon hanyar da ta haura sama. Tsayin dutsen mita 829 ne. Wani ya ce mu gwada hawa, cinyoyina suka ce ba da su ba. Bafaranshen ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗago hannunsa ya nuna mini kanta biyu da suka fashe. Ya ce zai dawo baɗi. Wayar tana aljihu.

A hanyar komawa tasha muka wuce gaban wani ofishin 'yan sanda. Ga jami'i a bakin ƙofa, a tsaye ƙyam, da farar sanda a dogare a ƙasa. Na sha ganinsu haka a Hiroshima ban taɓa kawo komai a raina ba. Yau sai na ga tsawonta, na ga inda ya ɗora hannu. Dariya ta kusa ƙwace mini. Mu ne muka raɗa musu suna 'yan sanda, amma sai da na zo ƙarshen duniya na ga wanda sunan ya bi jikinsa.

A jirgi na buɗe littafin. Shafi na farko layi uku ne: saki kafaɗa, kalli ido, jira. Sauran sha ɗaya sunaye ne kawai a sama. Muna cikin ramin ƙarƙashin teku waya ta nuna Baba ya kira, sai da muka fito na bi kiran.

"An dawo?"

"Ina hanya, Baba."

"To, faɗa nawa aka koyo?"

"Ɗaya. Shi ma da saura."

Ya yi dariya har da tari. Na ji yana maimaita wa Inna. Sannan ya ce, "Kuma nawa ka ce kuɗin jirgin?"

Na ce masa layin ba ya da kyau.